Rediyo mai bawul: Yadda ake ceto tsofaffin akwatunan da suka kawo wa Bauchi labarin 'yancin kai

A wasu tsofaffin gidaje na unguwannin Jahun da Kobi da Nasarawa a birnin Bauchi, akan tarar da wani babban akwatin katako ajiye a kan kabad ko a lungun ɗakin ajiya, ƙura ta lulluɓe shi. A fuskarsa akwai gilashi mai ɗauke da sunayen biranen duniya, a ƙasa kuma jerin maɓallai masu launin hauren giwa. Yaran gidan sun san cewa rediyon kakansu ne, amma kaɗan daga cikinsu ne suka taɓa jin muryarsa.

Irin wannan akwati shi ake kira rediyo mai bawul, wato wanda ke aiki da wasu ƙananan kwalaben gilashi da cikinsu ke yin ja kamar garwashi idan an kunna. Shi ne ya yi zamani tun daga shekarun 1920 har zuwa farkon shekarun 1960, kafin ƙaramin rediyo mai taransisto ya ture shi. A yau ƙarshen mafi yawansu ɗaya ne daga cikin biyu: ko gara da tsatsa su cinye su a inda aka ajiye, ko kuma a sayar wa 'yan gwangwan, su fasa, su cire jan ƙarfen da ke cikin taransifoma, su auna a sikeli.

A wasu ƙasashe kuwa, tara waɗannan akwatuna da farfaɗo da su ya zama fanni mai zaman kansa. A Amurka akwai ƙungiyar Antique Wireless Association da aka kafa a 1952, wadda ke da gidan adana tsofaffin rediyo a jihar New York. A Birtaniya ma akwai British Vintage Wireless Society tun 1976. Darasin da suka daɗe suna koyarwa ya shafi duk magajin da ke da irin wannan akwati a Bauchi: mafi yawan tsofaffin rediyo suna iya sake yin magana, kuma abin da ya fi kashe su shi ne gaggawar soka su a wuta don a gani ko suna aiki.

Yadda murya ta shigo Arewa

Tarihin rediyo a Najeriya ya faro ne bayan da BBC ta buɗe sashenta na watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Birtaniya ke mulka a watan Disambar 1932. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta fara rarraba shirye-shirye ta waya a Legas. Wanda ya biya kuɗi akan ja masa waya har gida, a maƙala masa akwatin lasifika a bango, ba shi da zaɓin tasha sai abin da aka aiko. Tsarin ya isa Kano a 1944, inda aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta NBS, wadda ta koma NBC a 1957, daga baya kuma ta zama Rediyon Tarayya a 1978.

Rediyo mai bawul ya bambanta da wancan akwatin bango, domin shi da kansa yake kamo tasha daga sararin sama, mai shi kuma ya zaɓi wadda ya ga dama. Tsadarsa ta sa a farko ba a cika ganinsa ba sai a fadar sarakuna da gidajen manyan ma'aikatan En'e da malaman makaranta da attajirai. Gidan da ke da shi kan zama dandali bayan sallar isha'i, maƙwabta su cika zaure don jin labarin duniya.

Shekarun da wannan akwati ya yi tashe a Arewa sun zo daidai da shekarun da suka fi kowane nauyi a tarihin siyasar ƙasar. A ranar 13 ga Maris, 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara aiki da shiri na minti 15. A watan Agustan shekarar aka naɗa Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makarantar Midil ta Bauchi, Firaministan Najeriya. Daɗin muryarsa da iya maganarsa sun sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ta Afirka, kuma yawancin mutanen lardinsa ta rediyo suka san wannan murya, har da jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba, 1960 a Legas. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. Ta rediyo kuma jama'a suka ji labarin juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya yi sanadin rasuwar Firaministan da aka binne a Bauchi.

Da yake wutar lantarki ba ta kai yawancin gidaje ba a wancan lokaci, kamfanoni sun ƙera rediyo mai bawul da ke aiki da batir. Wanda ya fi shahara a Afirka shi ne Saucepan Special, wanda kamfanin Ever Ready na Birtaniya ya fitar a 1949 domin masu sauraron tashar Lusaka, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Jikinsa na alminiyom ne mai siffar tukunya, yana da bawul huɗu, an sayar da shi fam biyar, an kuma rufe kafofinsa da raga don kada ƙwari su shiga. Kamfanoni irin su Philips da Grundig da Bush da Pye da Murphy su ma sun riƙa ƙera samfura na musamman domin ƙasashe masu zafi, waɗanda aka wadata da gajeren zango.

Mene ne bawul, yaya yake aiki?

Bawul kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta aka liƙe. A cikinta akwai siririyar waya da ke yin zafi, sai wani ƙarfe da zafin ke sa ya saki ƙwayoyin lantarki, sai kuma faranti da ke janyo su. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro ta a 1904. Bayan shekara biyu Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara wata 'yar raga ta waya a kan hanyar da ƙwayoyin ke bi, wannan raga kuwa ita ce sirrin abin.

Aikinta ya yi kama da na manomin rani da ke tsaye a bakin magudana. Da ɗan motsin hannu yake buɗe wa ruwa hanya ko ya rage shi, ruwan da ke wucewa kuma ya ninka ƙarfin hannun nasa sau da yawa. Haka raunanan saƙon da eriya ta kamo yake taɓa ragar, ragar kuma ta sarrafa babbar wutar da ke tafiya zuwa faranti, har saƙon ya yi ƙarfin da zai girgiza lasifika. Saboda sai wayar ciki ta yi zafi kafin aiki ya fara, shi ya sa tsohon rediyo ba ya magana da zarar an kunna shi, sai an jira kamar rabin minti.

Rediyon gida na shekarun 1950 yakan ɗauki bawul biyar ko shida, kowanne da aikinsa. Ɗaya yana juya kowace tasha zuwa zango guda da na'urar ta fi iya sarrafawa, dabarar da Edwin Armstrong ya fito da ita a 1918. Na biyu yana ƙarfafa saƙon, na uku ya tace sauti daga cikinsa, na huɗu ya tura sautin zuwa lasifika, na biyar kuma ya daidaita wutar gida ta dace da bukatar sauran. Wasu suna da na shida mai koren haske kamar idon kyanwa, wanda ke nuna cewa an kama tasha daidai.

Lambobin da ke jikin bawul ɗin Turai suna da ma'ana. Wanda lambarsa ta fara da harafin E, kamar ECH81 ko EL84, wayarsa na cin volt 6.3 ne, kuma galibi yana cikin rediyo mai taransifoma. Wanda ya fara da D, kamar DL96, na rediyon batir ne mai cin volt 1.4. Wanda ya fara da U kuwa, kamar UL84, alama ce ta rediyon da aka ƙera babu taransifomar wuta, kuma shi ne mafi haɗari, kamar yadda bayani zai zo.

Ƙarshen zamanin bawul ya faro ne a watan Disambar 1947, lokacin da masana a cibiyar Bell Labs ta Amurka suka ƙirƙiro taransisto. Rediyo mai taransisto na farko da ya shiga kasuwa, Regency TR-1, ya fito a 1954, kamfanin Sony na Japan ya biyo baya a 1955. Sabon rediyon ba ya zafi, ba ya cin batir sosai, kuma makiyayi na iya rataya shi a kafaɗa ya bi shanunsa. Cikin 'yan shekaru aka mayar da babban akwatin ɗakin ajiya.

Abin da ke lalacewa

Mutane da yawa na ɗauka cewa bawul ne ke fara mutuwa, alhali sau da yawa shi ne ke daɗewa. Bawul ɗin da bai fashe ba yana iya aiki bayan shekara 60. Ana gane lafiyar liƙinsa ta wani tabo mai sheƙin azurfa a cikin gilashin. Idan tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya tashi aiki.

Babban abin da ke tsufa shi ne kafasita. A wancan zamani ana yin ƙanana da takarda da kakin zuma, su kuwa suna shan laima a hankali har su fara barin wuta ta wuce inda bai kamata ba. Akwai guda ɗaya da ke gab da bawul ɗin da ke tura sauti. Idan ta yi yoyo, bawul ɗin kan ja wuta fiye da kima, ya yi zafi, ya ƙona taransifoma. Manyan kafasitocin da ke tace wuta su ma suna bushewa, wanda ke jawo gurnani a lasifika, wani lokaci su fashe. Robar da ta rufe wayoyi kan farfashe ta bar ƙarfe a fili.

Yanayin Bauchi na ƙara nasa. Ƙurar hunturu na cika tsakanin siraran farantan da ke juyawa wajen neman tasha, laimar damina kuma ta kawo tsatsa. Gara na cin katako daga ciki ta bar fenti kawai. Ɓeraye na gaigayar wayoyi da takardar lasifika, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu.

Matakan farfaɗowa

Ƙa'idar farko a wurin masu wannan aiki ita ce kada a soka akwatin a wuta. Rediyon da ya yi shekara 40 a kwance yana iya ƙona taransifomarsa cikin 'yan mintuna, ita kuwa ita ce sashen da ya fi wuyar samu.

Akan fara da ɗaukar hoton ciki da waje, a rubuta lambar samfurin da ke bayan akwatin, a kuma lura da gurbin kowane bawul kafin a cire shi. Da lambar samfurin ake neman taswirar haɗin wayoyi, kuma dubban irin waɗannan taswirori suna nan a intanet. Sai a share ƙura da burushi mai laushi. Ba a wanke bayan gilashin da ke ɗauke da sunayen tashoshi da ruwa, domin rubutun na iya gogewa gaba ɗaya. Haka nan lambar da ke jikin bawul, shafa ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma na iya tafiya da ita.

Daga nan sai a auna taransifomomi da mita don tabbatar da cewa wayar cikinsu ba ta tsinke ba. Idan suna da lafiya, aikin ya cancanci a ci gaba. Akan sauya kafasitocin takarda da na tace wuta da sababbi masu jure aƙalla ƙarfin wutar da na asali ke jurewa, ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita haɗin. A auna razistoci, a sauya waɗanda suka kauce sosai daga ƙimarsu. A sa sabuwar wayar wuta da fis. A kuma duba maɓallin zaɓen ƙarfin wuta da ke baya, domin wutar Najeriya volt 230 ce, alhali rediyon da aka ƙera don Amurka yana bukatar kusan rabin haka.

Kunnawar farko ana yin ta ne ta cikin ƙwan fitila irin na da, mai waya a ciki, na wat 60 zuwa 100, wanda aka haɗa a jere da rediyon. Idan ƙwan ya yi haske ya dushe, alamar lafiya ce. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan kuma ya tare ɓarnar. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta ba sa yin wannan aiki.

Akwai wasu ƙananan sukurori a cikin gwangwanayen alminiyom da ke tsakanin bawul-bawul. An saita su ne da na'ura tun daga masana'anta, kuma mai koyo da ya ga kamar sun kwance ya ɗaure su, ya kashe jin rediyon ke nan. Ba a taɓa su sai da na'urar saiti.

Rediyon batir ya fi sauƙi. Batura goma masu volt 9 a jere suna ba da volt 90 da faranti ke bukata, babban batir ɗaya mai volt 1.5 kuma ya ciyar da wayoyin zafi. Sai dai idan aka musanya haɗin biyun, dukan bawul-bawul ɗin za su ƙone nan take.

Su kansu bawul ba su ƙare a duniya ba. Har yanzu ana ƙera wasu nau'o'i, kamar EL84, a Rasha da Sulobakiya da Sin, saboda masu kiɗa na amfani da su a amfilifayar jita. Sauran kuma akan same su a tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, ko a ciro daga rediyon da ya riga ya lalace. Shi ya sa ko akwatin da gara ta cinye bai kamata a jefar da cikinsa ba.

Haɗarin da ke ciki

Wannan aiki ba na yara ba ne. A cikin rediyo mai bawul akwai wuta mai ƙarfin volt 250 zuwa 350, kuma manyan kafasitoci na iya riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Wajibi ne a sauke ta ta cikin razista, a kuma tabbatar da mita kafin a sa hannu. Tsofaffin masu gyara kan yi aiki da hannu ɗaya idan na'urar na kunne, don kada wuta ta ratsa ƙirji.

Rediyon da ba shi da taransifoma, mai bawul masu harafin U, ƙarfen cikinsa na haɗe kai tsaye da ɗaya daga cikin wayoyin wutar gida. Gwargwadon yadda aka soka fulogi, taɓa wannan ƙarfe ko wani sukuru da ya fito waje na iya kashe mutum. Ba a gyara shi sai da taransifomar da ke raba shi da wutar gida, ba a kuma kunna shi idan murfin baya ko wani maɓalli ya ɓace. Wasu akwatunan kuma na da wani farin faifai mai hana zafi da aka yi da asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu, saboda haka ba a kankare shi ko a hura shi.

Ga kuma matsalar wutar da ke hawa da sauka. Rediyon da aka gyara yana bukatar sitabilaiza, musamman a gidan da ke amfani da ƙaramin janareta, kuma ba a barinsa kunne babu kowa a ɗaki.

Me zai kama a yau?

Yawancin akwatunan da aka shigo da su Najeriya a shekarun 1950 matsakaici da gajeren zango kawai suke kamawa. Sauraro kuwa a yau ya koma FM, inda ake samun tashoshi irin su Globe FM da Albarka Radio a Bauchi. Tsohon akwati ba zai ji su ba sai idan yana da wannan zango, kuma wasu na Turai masu FM ɗin ma sun tsaya ne a megahaz 100.

Gajeren zango kuma yana raguwa a duniya, domin manyan kafofi na komawa intanet. A watan Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85. Duk da haka, da waya mai tsawon mita 10 zuwa 20 da aka ɗaga sama, tsohon akwati na iya kamo tashoshi masu nisa, musamman da dare. Masu sauraron da suka manyanta ba su manta da mita 49 ba, inda Rediyon Tarayya na Kaduna ya daɗe yana watsa shirye-shiryen Hausa a kan kilohaz 6090. Babban abokin gabar sauraro yanzu shi ne ƙarar da cajar waya da inbata da fitilun zamani ke haifarwa, wadda ke raguwa idan an nisantar da eriya daga gare su.

Gyara ko adanawa

Masu tara tsofaffin rediyo sun kasu biyu. Wasu na ganin amfanin rediyo shi ne ya yi magana, don haka a sauya duk abin da ya tsufa. Wasu kuma na ganin kowane sashe na asali shaida ce ta tarihi da bai kamata a taɓa ba. Matsakaiciyar hanya ita ce a sauya abin da ya zama dole kawai, a adana tsofaffin sassan a leda tare da akwatin, a kuma guji kankare katako ko shafa masa sabon fenti mai walƙiya.

Yawancin samfuran an ƙera su da yawa, saboda haka wanda ke tsammanin akwatin kakansa zai sa ya yi arziki zai iya shan mamaki. Darajarsa ta fi rataya ga labarinsa: wane ne ya saya, a wane kanti, a wace shekara, su wa suka riƙa taruwa a gabansa. Rasit ko takardar lasisin rediyo da aka samu a cikin tsofaffin takardun gida, ko hoton da akwatin ya fito a ciki, duk suna ƙara masa ƙima. Dattawan da za su iya ba da wannan labari suna raguwa, haka ma masu gyaran da suka koyi sana'a a kan bawul kafin zuwan taransisto.

Bauchi na da wuraren da wannan aiki zai iya samun gindin zama. Akwai hubbaren Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe a 1979, inda ake adana wasu kayayyakinsa. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gidan rediyon jiha na BRC. Akwai kuma sassan koyar da injiniyan lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, inda rediyo mai bawul zai iya zama abin koyarwa, domin a cikinsa ɗalibi na ganin kowane mataki da idonsa, saɓanin wayar hannu da komai nata ke dunƙule a ƙwaya ɗaya. Ranar Rediyo ta Duniya, wadda UNESCO ta ware a 2011 ake kuma bikinta kowace 13 ga Fabrairu, dama ce ta baje kolin irin waɗannan akwatuna.

Kafin hukumomi su motsa, abin da ke hannun magada ba shi da tsada. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a nisantar da shi daga bango mai laima, a rufe shi da ƙyalle maimakon leda, a duba shi sau ɗaya ko biyu a shekara saboda gara. A tambayi dattijon gida labarinsa, a rubuta a takarda, a saka a cikin akwatin. Idan kuma ɗan gwangwan ya zo yana tayi, a tuna cewa kuɗin jan ƙarfen kawai zai biya.